Kujerar Inna Leokadia Ta Shiga Siyasa

Ranar da na dawo garinmu Malinowo daga Chicago, bayan shekarun da na kwashe ina shafa wa gidajen mutane fenti, na tarar da labari biyu. Mulkin gurguzu ya faɗi, kuma Kawu Hipolit, ƙanin mahaifiyata, shi ya kayar da shi. Haka dai ya gaya mini tun ban ajiye jaka ba.

"Kana can kana wanke burushi, mu muna nan muna karya gwamnati," in ji shi, yana murza gashin baki. "A babban taron ma'aikatarmu ta bokitai, kowa ya tafa wa sakataren jam'iyya, ni kaɗai na naɗe hannu. Tun daga ranar suka fara rawar ɗari."

"Hannunka a ɗaure yake, Hipek," matarsa Inna Leokadia ta ɗaga murya daga kicin. "Ƙofar bas ce ta datse maka yatsa."

"Su sun sani ne? Abin da suka gani, namiji bai tafa ba."

Ba ni da wurin kwana a garin sai gidansu, ɗaki biyu a hawa na huɗu. Inna ta nuna mini doguwar kujerarta, mai launin ganyen kabeji, wadda da rana kujera ce, da dare a buɗe ta ta zama gado. Kowa a unguwa ya san tarihinta. A shekarun da shaguna ba su da komai sai ruwan tsami, Inna ta yi hunturu guda tana bin layin shagon kayan ɗaki, kullum da asuba ana kiran suna cikin ƙanƙara, wanda bai amsa ba a soke shi. A layin nan ta yi asarar farcen ƙafa biyu da ƙawa ɗaya.

"Za ka kwana a kanta, amma da ladabi," ta ce. "Ba takalmi, ba shayi, ba mafarkin da za ka yi shure-shure."

A shekarar nan duk mai gashin baki a ƙasarmu ya kafa jam'iyya. Sa hannun mutum goma sha biyar kawai ake nema, Kawu kuwa ya tattaro nasa a wajen wani biki, bayan an buɗe kwalba ta uku. Ya raɗa mata suna Jam'iyyar Ai Na Faɗa. Manufarta ɗaya ce: a riƙa ba kowane ɗan ƙasa gaskiya sau ɗaya a mako, ko matarsa tana wurin. Masu zuwa taro mu uku ne. Kawu shi ne Shugaba. Pan Alojzy (a garinmu Pan shi ne Malam, Pani kuma Malama), wani tsoho mai keken doki wanda kunnensa ɗaya ya mutu, shi ne Mataimaki. Ni kuma, da yake na ga Amurka, aka ɗora mini Harkokin Waje. Na karɓa ne don zaman banza ya ishe ni, ƙafata har ƙaiƙayi take yi.

Bakin Pan Teofil mai aski ne ya jawo komai. Kawu yana zaune an shafa masa kumfa, shago cike da masu jira, Teofil ya ce, "Ranka ya daɗe Shugaba, an ce jiya an yi babban taron ƙasa a kan kujerar Pani Leokadia. Gaskiya ne har kyanwa ta samu wuri?"

Shago ya ɗauki dariya. A lokacin, jam'iyyar kujera ake ce wa duk jam'iyyar da mutanenta ba su fi cikin kujera ɗaya ba, kuma babu zagin da ya fi shi ciwo.

Kawu ya miƙe da kumfa a rabin fuska. "Ranar Asabar zan kawo kujerar nan tsakiyar kasuwa! Ka zo da idonka, Teofil, ka gani ko za ta ɗauki mutanena!"

"Zan zo da kyanwar, don a cike gurbi."

Kafin Kawu ya iso gida, maganar ta riga shi hawa bene. Inna ta tare mu a ƙofa da ludayi.

"Ku buɗe kunne, ku biyun. Duk wanda ya fitar da kujerar nan daga gidan nan, ya bi ta, kada ya dawo. Har da kai, Ba'amurke."

"Lodzia," in ji Kawu, "ƙasa tana kira..."

"Ta kira ka kai kaɗai. Ba ta yi layi da ni ba."

Asabar da sassafe ta hau bas zuwa ƙauyen yayarta tonon dankali, sai Lahadi za ta dawo. Bas bai gama shan kwana ba Kawu ya naɗe hannun riga.

"Kawu, idan ta gane fa?"

"Shugaba za ka ce, muna bakin aiki. Kafin la'asar kujera ta dawo mazauninta. Ni da na sauke injin tankar yaƙi daga kan dutse lokacin ina soja, kujera ce za ta gagare ni?"

Ta gagare shi. A kwanar farko ta matakala ta cije, ba gaba ba baya, ni a ƙasa ina ɗauke da ita a ka, shi a sama yana ba da umarni. Nauyinta kamar an cusa gawar bijimi a ciki. Maƙwabta suka fito cikin rigunan barci.

"Pan Hipolit, ƙaura ake yi ko ta kore ka ne a ƙarshe?"

"Ku juya ta hagu!"

"Hagu ta mutu tare da gurguzu a ƙasar nan, ku juya dama!"

"Ni dai ku matsa, madarata tana kan wuta a ƙasa!"

Da ƙyar muka mayar da ita ɗaki. Kawu ya ce dama gwaji ne, ainihin shirin ta baranda ne. Ya kwance igiyar shanyar Inna, ya yi wani ƙulli da ya ce na sojan ruwa ne, muka fara zura kujera ƙasa, Pan Alojzy yana jira a ƙasa da kekensa. Kawu ya yi ihu, "A hankali!" Alojzy ya juyo mataccen kunnen, ya ɗaga hannu yana cewa mu sako. Kujera ta yi lilo, ta share tukwanen furannin hawa na uku, ta leƙa barandar hawa na biyu ta fito da dogon wandon ciki na wani bawan Allah rataye a hannunta. Saura kaɗan ta isa ƙasa, ƙullin sojan ruwa ya yi murabus. Tim! Ƙafa ɗaya ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin wata mota.

"Ƙafa uku sun fi huɗu tsayuwa," in ji Kawu. "Kimiyya ce. Wandon nan kuma fari ne da ja kamar tutar ƙasa, ga tuta Allah ya ba mu."

Kasuwa ta cika maƙil. Ko'ina mutane sun baje gadajen tafi-da-gidanka suna sayar da ayaba, wandunan Turkiyya da agogon Rasha. Muka sauke kujera a gindin dakalin da aka tumɓuke gunkin gwamnatin da, muka tokare gurguwar kusurwar da bulo. Kawu ya hau dakalin ya sa hannu a ƙirji. Pan Alojzy ya zauna a tsakiyar kujera. Teofil ya jingina da ƙofar shagonsa, rungume da kyanwa kamar yadda ya yi alkawari.

Ba wanda ya kalle mu, sai Pani Bronisława.

Wannan tsohuwa ita ce sarauniyar layi a Malinowo. Layin nama, layin firji, layin takalmi, duk ita ta shugabanci kwamitinsu a zamanin da. Yanzu shaguna sun cika, aljihu ya bushe, layi ya ɓace, ta zama kamar janar da aka gama yaƙi ba a gaya masa ba. Ta zo ta zagaya kujera, ta latsa ta da yatsa, ta tsaya ƙyam a gabanta da jakar raga a hannu.

"Ni ce ta farko," ta ce.

Wata mata mai wucewa ta ja birki. "Me aka kawo?"

"Kujeru."

"Wa ke ƙarshe?"

"Ke."

Shi ke nan. Kan mutanenmu ya san zamani ya canza, amma ƙafafunsu ba su samu labari ba. Duk wanda ya hango bayan mutum biyu a tsaye, sai ƙafarsa ta kai shi ta tsayar, tambaya daga baya. Kafin Kawu ya gama gyara murya, layi ya wuce famfo. Kafin ya ce "'Yan'uwana 'yan ƙasa," ya sha kwanar kantin magani.

Idon Kawu ya ciko da hawaye, ya juyo gare ni. "Remek, dubi jama'a. Ai na faɗa!"

"Kawu, layin saye ne. Sun ɗauka sayarwa muke yi."

"Amurka ta lalata ka. Ba ka san ƙauna ba ko ta taka ka."

Ya buɗe baki ya fara jawabi, tun daga ranar da bai tafa ba. Na gaba suna jin rabi, na baya ba sa jin komai, saboda haka labari ya riƙa tafiya daga baki zuwa kunne yana ƙiba. A wajen famfo, kujerun daga Sweden suke. A wajen kantin magani, rabin kuɗi ne, babbar mota tana hanya.

"Malam mai gashin baki!" wani ya ƙwala daga tsakiya. "Za ta isa kowa?"

"A ƙarƙashina babu wanda zai koma gida hannu wofi!"

Tafi ya tashi kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Kawu ya kusa faɗowa don daɗi. Ya nuna Teofil da yatsa. "Kai mai kyanwa, buɗe ido! Jama'a, ku zo ku zauna, mu ga ko za ta ɗauke ku!"

Abin da suke jira ke nan, don ba mai sayen kujera bai gwada ba. Mutum huɗu suka zauna, shida, takwas, suna tsalle suna sauraron ƙarfen ciki. Wata ta shinshina matashi. Wani ya kwanta a ƙasa yana leƙen gindi. Aka matse Pan Alojzy har ya zame ya faɗi a kan duwatsu.

Ya tashi yana kakkaɓe hula. "Tun kafa jam'iyyar nan tsakiya ce wurina! An ci amanar manufa! Na fice, ni da Baśka za mu kafa tamu!"

Baśka ita ce goɗiyarsa. Ya hau keke ya kaɗa linzami, ina kallo abin da zai mayar mana da kujera gida ya bi hanyar mashaya.

"Kowace babbar jam'iyya sai ta dare," in ji Kawu. "Alamar girma ce."

Sai ga mahaucin garinmu, mutumin da ƙofa biyu ake buɗe masa a coci. Ya ce a ba shi wuri. Kawu ya sauko ya tsaya a kan hannun kujera don ya yi masa maraba. Mahauci ya juya, ya saki jiki. Wani ƙarfe ya ce ƙas, kujera ta tuna ita gado ce, ta wage baki gaba ɗaya. Mutum tara suka yi sama da ƙafafu. Kawu ya tashi kamar tattabara ya sauka a cikin ayabar wani.

A nan na gane dalilin nauyin. Akwatin da ke cikin kujerar cike yake da dukiyar Inna ta shekarun wahala: takardar banɗaki naɗi-naɗi, sukari, sabulu, ashana, duk abin da ta taɓa tsayawa layi a kansa ta ɓoye don ranar da gwamnati za ta sake haukacewa. Takardun suka gangara kasuwa suna warwarewa kamar an saki tumaki.

Kowa ya bi takardun da ido. Sannan wata murya ta ce, "Har da takarda ake bayarwa."

Da an yi wawa, amma Pani Bronisława ta ɗaga lema. "Layi! Bibbiyu kowa! Masu juna biyu da tsofaffin sojoji su zo gaba! Kai mai jar hula, ba a nan kake tsaye ba, na gan ka!"

Kawu ya fito daga cikin ayaba, ya ga fuskoki suna walƙiya, nan take ya san abin yi. "Kyautar farko daga Jam'iyyar Ai Na Faɗa!" Ya durƙusa ya fara rabo da hannu biyu.

"Kawu, na Inna ne!"

"Na ƙasa ne. Harkokin Waje, je ka ƙirgo mini magoya baya."

Na bi layi da gudu, niyyata in gaya wa na baya babu mota, babu Sweden, su watse. Na wuce famfo, na wuce kantin magani, na isa tashar bas inda wutsiyar take. A can, da buhun dankali a gefen ƙafa da jaka a hannu, wa zan gani?

"Remek! Allah ya kawo ka. Shiga bayana maza, mu karɓi rabo biyu."

"Inna... ba sai gobe ba?"

"Ruwa ake yi a ƙauye, kuma yayata ta fara maganar gadon mahaifinmu. Ina sauka na ga layi. An ce kujeru ne masu kyau, koraye. Zan karɓa maka ɗaya, ɗan nan, ka samu taka ta kanka, ka daina kwana kamar baƙo."

Na ɗauki buhun dankali na shiga bayanta.

Layi yana tafiya, masu dawowa suna wuce mu rungume da rabonsu. Inna tana bin su da ido irin na masani.

"Ka ga takardar can? Mai toka-toka, irin ta da, mai ƙarko. Irinta gare ni. Yanzu ba a yin ta." Muka matsa. "Sabulun nan ma irin nawa ne. Kai, mutanen nan sun san kaya." Muka ƙara matsawa. Wani yaro ya wuce da ƙullin sukari ɗaure da shuɗin zare. Inna ta bi zaren da kallo har ya ɓace. Jakarta kawai na ga ta koma ɗaya hannun.

Muka iso gaba. Kawu yana durƙushe, kansa cikin akwati, gumi yana ɗiga daga gashin baki. Ya miƙo naɗi biyu ba tare da ya ɗago ba.

"Na gaba! Karɓi, 'yar ƙasa, ki tuna da mu ranar zaɓe!"

"Na gode, Hipek. Ba zan manta ba."

Na taɓa ganin bene yana rushewa a Chicago, bai kai fuskar Kawu saurin zubewa ba.

"Lodzia! Kin... kin shigo jam'iyya?"

Inna ba ta kalle shi ba. Ta kalli bulon da ke madadin ƙafa, ta kalli sawun takalma a kan koren yadi, ta kalli wandon da ke kaɗawa. Ta rufe kujerar da gwiwa ɗaya, ta zauna a tsakiya, ta ɗora jaka a cinya.

"Haba, Pani Leokadia," in ji Pani Bronisława, "ba a tsallake layi. Ni ce ta farko."

"Bronia, dubi kujerar nan da kyau. Hunturun da aka yi dokar soja, gaban shagon kayan ɗaki. Wa ke gabanki?"

Tsohuwa ta sunkuya, ta ƙura wa yadin ido, ta yi alamar gicciye. "Maryamu mai tsarki. Ke ce. Ita ce ta ƙarshe a motar kayan, ni na koma da teburin guga." Ta juya ta ɗaga lema. "Jama'a, kayan mai layi ne! Kowa ya dawo da abin da ya karɓa! Yadda kuka zo, bibbiyu!"

Abin da ban taɓa gani a Amurka ba ke nan: mutane suka sake jeruwa, suna gunaguni amma a tsare, don su mayar da takardar banɗaki. Mahauci har naɗe tasa ya yi da kyau.

"To mota fa?" wani ya tambaya. "Ta Sweden?"

"Babu mota, jam'iyya ce," in ji Teofil, yana share hawayen dariya da wutsiyar kyanwa.

"Jam'iyya? Tun safe nake tsaye a kan jam'iyya? Da na sani ayaba na bi!"

"Teofil," in ji Inna, "tunda bakinka ne ya fito da ita, kafaɗarka za ta mayar. Kama kusurwa. Mahauci, kai ka ɓalle ta, kama ɗaya. Shugaba da Ba'amurke, gaba. Ni ba zan sauka ba, ƙafata ta gaji da layi."

Haka muka ratsa Malinowo, Inna a sama da jakarta kamar sarauniya, buhun dankali a gefenta, mu huɗu a ƙasa muna nishi. Layin kuwa, da yake ba wanda ya ce ya watse, ya biyo mu a baya. Mutane suna buɗe taga suna tambayar wane waliyyi ake zagayawa da shi.

Kawu ya karkato kai daga ƙarƙashin kujera, jijiyar wuya a tashe. "Remek, waiwaya. Jam'iyyar da ta fi wannan jerin gwano a lardin nan, faɗa mini sunanta."

A gida Pani Bronisława ta tsara masu jan igiya, kujera ta hau baranda lami lafiya, aka mayar wa mai wando wandonsa. Ni da Kawu muka hau bene muna jan ƙafa. Muka tarar da ƙofa a rufe, bargo biyu da mabuɗin ɗakin ajiya na ƙasa a kan tabarmar shiga.

"Lodzia, ai ta dawo!" Kawu ya yi magana ta ramin mabuɗi.

"Ita na ce kada ta dawo? Ku na ce."

A ɗakin ƙasa muka tare, tsakanin gawayi da kwalaben kokwamba. Washegari da safe aka ƙwanƙwasa. Teofil ne, kafaɗarsa ɗaure da tsumma, riƙe da wata 'yar kujerar tsuguno ta katako wadda yake ɗora yara a kai in zai yi musu aski.

"Gudummawa ce, ranka ya daɗe. Don babban taron ƙasa na gaba."

Kawu ya karɓa, ya juya ta, ya ajiye a tsakiyar ɗaki, ya zauna. Ta ɗauki rabinsa da ƙyar. Ya dube ni ina tsaye da bargo a kafaɗa, ya duba hagunsa, ya duba damansa. Sai gashin bakinsa ya fara tashi a hankali.

"Harkokin Waje, ka samu wurin zama?"

"A'a, Shugaba."

"Teofil, kai shaida ne. Je ka gaya wa gari: kujera ta yi wa jam'iyya kaɗan." Ya harɗe ƙafa, kujerar ta yi ƙara. "Ai na faɗa."